Mijin Inna Na Fari

Inna ta rasu ranar Laraba da hantsi, a ɗakinta na gidana da ke Beltsville a Amurka, bayan jinyar wata huɗu. Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Washegari bayan azahar aka kai ta makwancinta. Sanyi ya daskarar da ƙasa, har injin haƙa sai da ya sha fama. Kwana uku gidan bai rabu da jama'a ba. Motoci suka cika layinmu, maƙwabcina Bature ya matsar da tasa ba tare da an roƙe shi ba. Matan Hausawa da ke Mitchellville suka yi ta shigowa da kulolin tuwo da miyar kuka. Nas-nas 'yan Filato da muke aiki tare suka zo kai tsaye daga asibiti da kayan aiki a jikinsu, suka zauna a ƙasa suna kuka kamar tasu uwar ce.

Kowa da abin da ya tuna. Wata ta ce Inna ce ta yi mata wankan jego a haihuwarta ta fari, lokacin da ba ta da kowa a ƙasar nan. Wani likita ya ce bai taɓa zuwa gaishe ta ya fita ba tare da ƙullin yaji ba. Duk wanda ya ɗaga hannu zai yi addu'a kuwa sai ya haɗa da Alhaji, mijinta na biyu, mahaifin ƙanena, wanda ya rasu a Zariya kafin mu ɗauko ta. Allah Ya sada ta da Alhaji, Allah Ya haɗa su a Aljanna. Ina amsawa da amin, kuma har zuciyata, don Alhaji ya riƙe ni tun ina 'yar shekara goma sha ɗaya, shi ya sa ni a makaranta, bai taɓa nuna mini bambanci ba.

Ranar uku, wata dattijuwa da ta san mu tun gida ta ce ai marigayiya ta yi wani aure kafin Alhaji, ta tambayi 'yata ko ta san kakanta na ainihi. 'Yata lauya ce, shekarunta talatin da huɗu, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa. Ta ce tana jin a jirgin ƙasa ya yi aiki, kuma kamar haɗari ya yi. Ina tsaye riƙe da tiren shayi. Na ajiye shi, na shiga kicin, na daɗe ina kallon bango.

Ba laifinta ba ne. Ban taɓa faɗa mata ba. Inna ma ba ta faɗa ba. Mutum biyu ne a faɗin Amurka suka san fuskar Baba, ɗaya kuma mun binne ta ranar Alhamis. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan.

Baba mai haƙar kwal ne a Inugu. Da garken shanu ya fara zuwa garin yana saurayi, ɗan kora, sai ya ga ana ɗaukar leburori a ramin kwal, ya tsaya. Hausawan garin yawancinsu 'yan kasuwa ne da mahauta, suna ganin shiga rami ba aikin mai hankali ba ne. A rukuninsu shi kaɗai ne Bahaushe. Ya koyi Ibo har yana faɗa da shi. Daga baya ya je gida ya auro Inna, a can aka haife ni, a wani layin ɗakunan ma'aikata mai famfo guda a tsakiya.

Abin da na fi tunawa shi ne dawowarsa da la'asar. Yakan shigo baƙi ƙirin tun daga hula har takalmi, idanu da haƙora kawai ake gani. Ba ya taɓa kowa, ba ya zama. Sai ya wuce famfo da soso da sabulun salo, ya yi ta dirza har ruwan da ke gangarowa ya daina baƙi. Duk da haka gefen idonsa ba ya fita. Inna takan ce ya fi ta iya sa kwalli. A bayan hannunsa akwai tabo masu shuɗi-shuɗi, inda dutse ya yanke shi ƙurar kwal ta shige fata ta warke a kai. Nakan ƙirga su da yatsa yana cin abinci, ba ya hana ni.

Yana da wata ɗabi'a da take ba Inna kunya. Duk ɗakin da ya shiga, na kowa ne, kafin ya zauna sai ya ɗaga kai ya dubi rufi. In hannunsa ya kai, ya ƙwanƙwasa azara ya saurara. An ce ya taɓa yi har a zauren surukinsa ranar da ya je gaisuwa. In an yi masa magana sai ya ce shi ya saba, a wurin aikinsu sama ake fara gaisarwa.

A cikin rami ba a ganin rana, don haka da farko da ƙiyasi yake sallar azahar, ya yi taimama a jikin dutse. Abokan aikinsa suka yi ta yi masa dariya. Ana nan sai ɗaya daga cikinsu, mai agogo, ya fara sanar da shi in lokaci ya yi, ya kuma karɓi digarsa ya ci gaba da sara don kada shugaban aiki ya ga wurin ya tsaya. Wannan mutumin shi ne maƙwabcinmu, ɗakinsa na jikin namu. Ibo ne, Kirista, amma Kawu nake ce masa, kuma har na yi wayo ban san ba ɗan'uwan Inna ba ne. Matarsa ce ta koya wa Inna dafa okpa, wani alalen gujjiya da suke yi a ganye. Baba kan tafi aiki da ƙulli biyu, ya dawo mini da rabin ɗaya, da zanen yatsunsa baƙi a jikin ganyen.

Ba mai yawan magana ba ne, amma yana da zafi a kan abu guda. Wata rana aka sa sabon ɗauka ya shiga wani lungu da ba a gama tokare shi da gungume ba. Baba ya ajiye diga ya ce ba mai shiga. Shugaban aikin ya zage shi, shi ma ya rama da Ibo tsantsa a gaban kowa. Aka dakatar da shi mako guda. Inna ta ce duk makon a bakin ƙofa ya yi shi, yana gyara takalman yaran layi, ko sau ɗaya bai ce ya yi nadama ba. Abin da yakan ce shi ne, wanda ya ji tsoro a ƙarƙashin ƙasa ya faɗa da ƙarfi, don tsoronsa na iya fitar da mutum goma.

Ina 'yar shekara bakwai ƙasa ta rikice. Aka kashe Ibo a garuruwan Arewa, jiragen ƙasa suka fara isowa Inugu da waɗanda suka tsira, wasu da raunuka, wasu ba 'ya'yansu. Gari ya ɗauki zafi a kan duk wani ɗan Arewa. Ƙanen matar Kawu ma yana cikin waɗanda ba su dawo ba. Duk da haka, a ɗakinsu muka kwana biyu, a bayan labule, ita da kanta take miƙo mana abinci idonta a kumbure. Rana ta uku da safe Kawu ya sa wa Baba hular kwanonsa ta aiki, ya shafa masa kwal a fuska, matarsa ta ɗaura wa Inna zane irin nasu, ya saɓa ni a wuya, muka ratsa gari har tasha. Da za mu shiga jirgi, Baba ya miƙa wa Kawu hular, ya ƙi karɓa.

Zariya ba ta karɓi Baba ba. Babu rami, babu gona tasa, shekara goma sha biyar kuma ba abin da hannunsa ya sani sai diga da shebur. Ya yi dako a tasha, ya yi faskare, ya fara tari. Muna ɗaki guda a gidan yayansa. Da yaƙin basasa ya tashi aka buɗe ɗaukar soja, ba a duban shekaru sosai. Ƙanensa, wanda nake kira Baffa, ya riga shi shiga. Wata safiya Baba ya dawo da aski ƙwal, Inna ta gane kafin ya buɗe baki.

Ban taɓa jin muryarta ta tashi haka ba, kafin ranar da bayanta. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya.

"Za ka ɗauki bindiga ka koma garin mutumin da ya ɗauki 'yarka a wuya?"

Ya ce masu haƙa suke nema, an ce masa sojan gini za a sa shi. Ta ce ai ba a aske mutum a ba shi kaki don shebur kawai. Ya ce yaron nan, yana nufin Baffa, bai san kudu ba, bai san damina irin tasu ba, ba ya jin yarensu, kuma uwarsu ta bar masa shi amana. Ta ce ita da ni fa, wa aka bar wa amanarmu? Ya dubi rufin ɗakin, ya fita.

Sau ɗaya ya zo hutu bayan an gama horar da su. Inna ta dafa masa abinci, ta wanke masa kaya, amma ba ta yi masa magana ba sai abin da ya zama dole. Ni kuma na bi bayan uwata. Ranar da zai koma ya tsuguna a tsakar gida ya miƙo mini hannu, na maƙe kafaɗa na ɓuya bayan turmi. Ya jira kaɗan, ya yi murmushi, ya miƙe ya ɗauki jakarsa. Inna ba ta raka shi ko zaure ba. Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Bayan kamar shekara guda wani kofur ya kawo takarda da bargo. Babu gawa, babu kabari. Aka yi zaman makoki, Inna ta yi takaba. Da yaƙi ya ƙare Baffa ya dawo yana ɗingishi, ya buɗe shagon gyaran keke, duk wanda ya tambaye shi yadda yayansa ya rasu sai ya ce kwana ne ya ƙare. Shekara hamsin da ɗoriya amsar ke nan. Ni kuma na girma da wani ƙulli a zuciya. Ina jin haushin Baba don ya tafi, ina jin haushin kaina don hannun da na ƙi kamawa. Shirun ya yi wa kowa sauƙi, sai muka riƙe shi.

A watan ƙarshe na jinyarta, ina shafa mata mai a ƙafa da rana, Inna ta ambaci Baba ba tare da na tambaya ba. Ta ce ta yafe masa tun kafin ya kai bakin titi, girman kai ne ya hana ta leƙawa. Ta ce Alhaji mutumin kirki ne, amma ba wanda ya taɓa sa ta dariya kamar mai kwalli. Daga nan ta koma barci, ba ta sake tayar da maganar ba.

Bayan addu'ar bakwai na kira Baffa a waya. Ya haura tamanin, kunnensa ya yi nauyi, jikarsa ce ke riƙe masa wayar. Na yi masa gaisuwa, ya yi mini, na kawo maganar Baba, ya ce layin ba kyau. Kwana biyu na sake kira, ya ce zai tafi masallaci. A karo na uku ban yi doguwar gaisuwa ba. Na ce masa, Baffa, Inna ta tafi, saura ni da kai, ni kuma abin da na sani na yarinya ne. In ba zai faɗa a waya ba, na riga na nemi hutu a wurin aiki, zan zo in zauna a ƙofar shagonsa har sai ya gaji da ganina. Sai ya ce wa jikar ta jingina wayar da buta ta ba mu wuri.

Ya ce da gaske aikin haƙa aka ba Baba. Shi ke nuna wa samari yadda ake fafe ramin ɓuya, a tokare shi da itace, a yi masa hanyar ruwa. Hafsoshi ma ramin da ya haƙa suke so. Amma bindiga na rataye a kafaɗarsa kamar kowa. Na tambaye shi abin da na daɗe ina tsoron tambaya, ko Baba ya yi harbi.

"Ya yi," in ji Baffa. "Duk mun yi. In rubutawa za ki yi, kada ki wanke shi da ƙarya, ba zai so ba."

Ya ce da rundunarsu ta shiga Inugu garin ba kowa, mutane sun gudu ƙauyuka. Baba ya sulale ba izini ya tafi tsohon layinmu, Baffa ya bi shi. Suka tarar da ɗakin Kawu a buɗe, an kwashe abin da za a iya ɗauka, awaki sun shiga sun ɓata. Baba ya samo tsintsiya ya share ɗakin tas, ya tattara hotunan da ke warwatse a ƙasa ya sa a cikin tukunya ya rufe, ya ɗaure ƙofar da igiyar ƙarfe. Da suka koma, saje ya sa shi tsallen kwaɗo a gaban yaran da ya isa ya haife su.

Ranar da Baba ya rasu, cikin damina ne, a gefen wani kogi. An kwana uku ana ruwa, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Da safe aka fara yi musu ruwan harsashin igwa, ɗaya ya faɗi kusa da wani rami, rufin ya rufta kan mutum huɗu. Baffa yana cikinsu. An ba da umarnin a ja da baya. Baba ya ƙi. Ya fara da shebur, da ya ji ya kusa jikin mutum ya jefar ya koma haƙa da hannu. Ya fito da na farko, ya fito da na biyu. Baffa ne na uku, ƙafarsa a karye. Ya ja shi har bayan wata bishiya ya kwantar.

"Na riƙe masa riga," Baffa ya ce. "Na ce Yaya, ya isa, itacen yana kuka. Ya ce ya ji, ya fi ni jin sa. Amma yaron yana numfashi."

Ya koma. Ƙasar ta sake zubowa, ta rufe su duka biyun. Aka ɗauke Baffa a kafaɗa, rundunar ta bar wurin, ba a sake komawa ba. Na huɗun wani yaro ne ɗan Binuwai, Baffa bai ma san cikakken sunansa ba. Ya ce shekara da shekaru yana kallon Inna da ni yana ganin saboda shi muka rasa namu, da wane baki zai faɗa? Na ce masa da bakin da ya faɗa yanzu. Muka yi kuka, shi a Zariya da la'asar, ni a kicin ɗina da hantsi.

Bayan arba'in ofishin maƙabarta suka aiko da takardar ɗan allon dutsen da ake kafawa a kan kabari, a cike abin da za a rubuta. Ƙanena ya zo daga Annandale da ita, ya riga ya rubuta sunan Inna. Na ce akwai layi biyu da zan ƙara a ƙasa: sunan Baba, da cewa shi mai haƙar kwal ne kuma soja, ba a san kabarinsa ba.

Ƙanena injiniya ne, mai son komai a kan tsari, kuma mai kishin mahaifinsa. Ya ce kabari na mutum ɗaya ne, ba a taɓa yin haka ba, malamai ma ba sa son yawan rubutu. Ya ce mutane za su ce me, matar da ta shekara arba'in a gidan ubansa a rubuta mata sunan wani? Na ce Alhaji yana da kabari a Zariya, shi ɗansa ya san inda yake, yana zuwa duk shekara. Ni ina zan je? Muka rabu ba daɗi. Mako biyu ba mu yi waya ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Takardar tana kan tebur, na ƙi sa hannu, na kuma gaya wa ofishin su jira ko shekara ce.

Na tura masa muryar Baffa da na ɗauka a waya ranar da muka yi maganar, ban haɗa da ko kalma ɗaya ba. Ranar Asabar sai ga shi da sassafe, ko rigar sanyi bai cire ba ya zauna a kan kujerar Inna. Ya ce ya saurara sau uku. Ya ce akwai abin da ya tuna: tun yana yaro, in Alhaji ya idar da sallar asuba yana jero mamatansa, a ƙarshe yakan ce, da mai ɗakin nan na fari. Shi duk zatonsa wani tsohon ɗan haya ake nufi, ashe Baba ne.

"Yaya, kawo takardar," ya ce.

Da hannunsa ya rubuta layi biyun, ya tambaye ni yadda ake rubuta sunan kakanmu na wajen Baba, wanda ba kakansa ba ne. Ya je ya sami liman da kansa, liman ya ce in dai suna ne don a sani a yi addu'a, ba ado ba, bai ga abin hani ba.

An kafa dutsen da sanyi ya wuce, ciyawa ta fara tsirowa. Ƙarami ne, a kwance yake daidai da ƙasa, in ba ka sunkuya ba ba za ka karanta ba. Na sunkuya na karanta. Tun da aka haifi Baba, ban san wani wuri da aka taɓa rubuta sunansa ba in ban da rajistar ramin kwal da ta soja, su ma ban san ko suna nan ba.

Saura Kawu. Ban san ko ya tsira daga yaƙin ba, ban san ko ya dawo ya kwance igiyar ƙofarsa ba. Sunansa na fari kawai na sani da sunan layinmu. Na ba duk wata nas Ibo da ke asibitinmu, ɗaya ta ce kakarta 'yar wajen ce, za ta tambaya in ta kira gida. In an sami ko jikansa ne, zan je da ƙafata in gaya masa abin da kakansa ya yi mana.

Allah Ka ji ƙan Inna, Ka ji ƙan Alhaji da ya riƙe 'yar wani kamar tasa. Baba kuma, Kai Ka san gefen kogin da yake kwance, mu ba mu sani ba. Ka yalwata masa wurin, Ka haskaka shi, Ka yafe masa abin da hannunsa ya yi a yaƙi saboda abin da hannun nan ya tono. In na iso, Ka ba ni dama in kama hannun.